Kafiretar da ke yoyo bayan gyara, ba a gama aikinta ba

Duk mai riƙe da tsohuwar mota, ko Fijo 504 ce da ya gada ko Boswaja ce da ya ƙi rabuwa da ita, ya san yadda abin ke kasancewa. An kai ta gareji, an sauke kafireta, an warware ta, an wanke, an sa sababbin kaya, an mayar. Kwana biyu sai warin fetur ya cika mota, ko a wayi gari a tarar da jiƙa a saman inji. In aka koma da ƙorafi, amsar da aka fi samu ita ce a yi haƙuri, sabon gyara ne, za ta zauna. Wannan amsa ba ta da madogara a ilimin kanikanci. Da wuya kafireta ta daina yoyo don an ba ta lokaci, kuma motar da aka miƙa wa mai ita tana ɗigar fetur ba a gama aikinta ba, ko da an karɓi kuɗin cif.

A Turai da Amurka maganar kafireta ta zama ta masu sha'awar tsofaffin motoci, domin kamfanoni sun daina sa ta a sababbin motoci tun farkon shekarun 1990, suka koma injekta. A nan ƙasar lamarin ya sha bamban. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera ta a 1983. Kamfanin Volkswagen na Legas shi ma a 1975 ya soma. Ragowar waɗannan motoci na nan suna neman abinci a kan titi, wasu na jigilar kayan gwari, wasu na lodin fasinja a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni. Ga tsofaffin Hiace da Golf da Starlet da Land Cruiser, ga babura da Keke Napep da janaretoci. Saboda haka yoyon kafireta a wajenmu magana ce ta direban haya da fasinjojinsa, da magidancin da ke ajiye mota a zaure kusa da ɗakin yara.

Wanda ke ganin an zuzuta hatsarin, ya duba abin da ya faru da General Motors. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya sa wata kafireta mai suna Rochester Quadrajet a wasu motocinsa ƙirar Chevrolet da Buick. Akwai wani ɗan marfin ƙarfe da ke toshe wata kafa a jikinta, wanda kan saki ya faɗo, fetur ya kwarara kan inji mai zafi. An ƙirga gobara fiye da 600. Kamfanin ya kafe a gaban shari'a cewa abin bai kai a kira shi barazana ga rayuwa ba, amma a 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washintan ta yanke cewa lahanin da ke jawo gobara a inji barazana ce, dole a sanar da masu motocin. Ƙarfen da bai fi kwabo girma ba ne ya jawo wannan duka, a kafiretar da ta fito sabuwa fil daga masana'anta. Ina ga wadda ta shekara arba'in tana aiki, hannun kanikawa goma ya ratsa ta?

Tururin fetur ne ke kamawa da wuta, kuma yana tashi ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Sakkwato ko Maiduguri na watan Afrilu. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta a ƙarƙashin bonet ko a ƙasan ɗakin ajiye mota yana jiran tartsatsi. Tartsatsin kuwa ba nisa: ga wayoyin fulogi, ga distiributa, ga kan batir da ya yi sako-sako. A Boswaja abin ya fi muni, domin injinta a baya yake, kafireta na zaune dab da distiributa da janaretan caji, direba kuma na gaba bai san abin da ke faruwa ba sai na bayansa sun fara yi masa ihu. Masu wannan mota a duniya sun daɗe da sanin wani rauni nata: ɗan bututun tagullar da tiyon mai ke shiga, cusa shi kawai aka yi a jikin kafireta, ba zare gare shi ba. Idan aka rataya masa matatar mai mai nauyi, girgizar hanya kan zaro shi, famfo kuma ya ci gaba da feso fetur.

Ko ba gobara, akwai asarar aljihu. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗigo 3,600 ke nan a awa, wanda a wunin direban haya zai kai kimanin lita guda. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Sannan akwai yoyon da ba a gani, wanda ke gangarawa cikin inji. Shi ne ke sa baƙin hayaƙi a salansa, ya baƙanta fulogi, ya wanke man da ke jikin silinda, ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Mai mota na murna baƙin mai bai ragu ba, alhali fetur ne ya ƙara masa yawa, rin da metal na cin juna a hankali.

Abin takaicin shi ne, gano inda matsalar take ba ya buƙatar kwamfuta ko na'ura mai tsada. Yana buƙatar a fahimci yadda abin ke aiki, a kuma bi shi daki-daki.

Kafireta tana haɗa iska da fetur, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Don ta yi haka, tana da ɗan kwano da fetur ke taruwa, kuma dole ya tsaya a wani mizani, kada ya wuce, kada ya gaza. Tsarin daidai yake da na tankin ruwan saman gida: akwai ƙwallo mai yawo a kan ruwa, in ruwa ya cika sai ya ɗaga ya rufe bakin famfo. A kafireta ƙwallon shi ne fulot, abin da yake turawa kuma wata 'yar allura ce da ke toshe ƙofar mai. Duk lokacin da bakanike ya ce kafireta tana obafulo, ma'anarsa wannan ƙofa ba ta rufu ba. Kuma dalilan da ke hana ta rufuwa ƙididdigaggu ne.

Na farko, wanda ya fi yawa bayan gyara, datti ne. An wanke kafireta tas, amma tankin motar ya shekara talatin yana tsatsa, tiyo ya ruɓe daga ciki, man kuma wani lokaci daga galan ɗin 'yan bumburutu ya fito. Ƙwayar tsatsa ɗaya da ido bai cika gani ba ta isa ta maƙale tsakanin allura da mazauninta. Hatta ɗan ɓarɓashin roba da ke yankewa lokacin da ake cusa sabon tiyo yana iya yin haka. Shi ya sa bakaniken da ya gyara kafireta bai duba tanki ba, bai busa layin mai ba, bai sa sabuwar matata ba, rabin aiki ya yi, kuma motar za ta dawo masa.

Na biyu fulot ɗin kansa. Na tagulla yakan huje a wurin da aka liƙe shi da dalma, fetur ya shige ciki, ya yi nauyi ya nutse. Gwajinsa ba wuya: a girgiza shi kusa da kunne a ji ko akwai ruwa, ko a tsoma shi a ruwan zafi a ga ko zai fitar da kumfa. Na roba kuma yakan sha mai a hankali, sai an gwada nauyinsa da na sabo ake ganewa. Akwai kuma ɓarnar da kanikawa ke yi da hannunsu, wato busa iskar kwamfuresa cikin kafireta tana haɗe, abin da kan murƙushe fulot na tagulla. Ko da lafiyarsa ƙalau, tsayinsa yana da awo na milimita da masana'anta ta ƙayyade. A kafiretar Solex ta Boswaja, kaurin washar da ke ƙarƙashin allura ne ke saita mizanin mai. In aka sa wadda ba ita ba don kawai ta shiga, an canza mizanin ba a sani ba.

Na uku ƙarfin famfon mai, kuma nan ne ake yawan ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba. Irin su Solex da Weber da SU an yi su ne don matsi kaɗan, wajen 2 zuwa 3 da rabi a ma'aunin psi. Manyan kafiretocin Amurka irin Holley na ɗaukar 5 zuwa 7. Famfon motar injekta kuwa yana ba da 40 ko fiye. A ƙasar nan an saba cire injekta a dasa kafireta idan rewaya ya kasa gano kan matsala, haka kuma an saba maye gurbin famfon inji da na lantarki duk wanda aka samu a kasuwa. In ba a sa abin rage matsi ba, babu allurar da za ta iya tare wannan ƙarfi, ko sau nawa aka canza ta. Agogon auna matsin mai ƙaramin abu ne mai sauƙin kuɗi, amma gareji nawa ne ke da shi?

Zafi ma yana da nasa. Idan aka kashe inji bayan doguwar tafiya, fanka ta tsaya, zafin inji ya hau kafireta, man da ke cikin kwano ya tafasa ya tumbatsa cikin maƙogwaronta. Alamarsa ita ce mota ta ƙi tashi bayan an tsaya sallah ko cin abinci, sai an danne totur har ƙasa, ga wari. Masana'antu da yawa sun sa wani faifai mai hana zafi tsakanin kafireta da inji saboda haka. Sau da yawa a wajen gyara ake yar da shi, a ce ba shi da amfani.

Wancan duk yoyon cikawa ne. Akwai kuma na jiki, inda mai ke tsatsowa ta gefen murfi ko ta bakin noti. Yawancin tsofaffin kafiretoci da gamin tutiya ko alminiyon aka zuba su, ƙarfe ne mai taushi. Yaron gareji da aka koya wa cewa maganin yoyo shi ne a ƙara ɗaurewa, yana ɗaure sukurori har murfi ya lanƙwashe, ko zare ya cinye. Daga nan duk gasket ɗin da aka sa ba zai kama ba. Gyaran sananne ne: a shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashi, a goga fuskar murfin a hankali har ta daidaita, a sa sabon gasket busasshe, a ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan. Washar tagulla ko ta alminiyon ko ta fiba sau ɗaya take aiki da kyau, in an kwance sai sabuwa. Ga kuma 'yar fatar famfon totur, wadda kan tsage ko a sa ta a juye. Idan kuma aka ga mai na fitowa ta sandar totur, yawanci daga sama yake gangarowa saboda obafulo, ko da yake sandar da ta cinye raminta tana buƙatar a sa mata bushi, in ba haka ba iska za ta riƙa shiga, sulo ya ƙi zama.

Kuma don a san daga ina ɗigon ya faro, dabara ɗaya ta isa. A wanke jikin kafireta, a bar shi ya bushe, a barbaɗa masa hoda ko garin alli, a tayar da inji. Wurin da ya fara jiƙewa shi ne bakin zaren.

A maimakon wannan, me ake gani? Gam na silikon, supa gulu, farin tef na masu gyaran famfo, har da sabulu. Sabulu yana da uzurinsa a daji, in tanki ya huje kuma gari na da nisa, domin fetur ba ya narka shi da sauri. Amma dabarar isa gari ce, ba gyara ba. Silikon kuwa fetur na kumbura shi ya yi laushi, gutsattsarinsa su shige su toshe jet, wato ƙananan ramukan da mai ke bi, ko su tokare allura, a koma gidan jiya. Farin tef shi ma haka yake yagewa ya bi mai. Wato abin da aka sa don tsayar da yoyon waje, shi ke haifar da na ciki.

Sai maganar man kansa, wanda ba irin na zamanin da aka ƙera waɗannan motoci ba ne. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwaf ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo, masu motoci da dama suka koka da lalacewar inji. Metanol da ɗan'uwansa etanol suna cin tsohuwar roba, suna jawo danshi, suna kuma zaizaye tutiya da alminiyon. Birtaniya ta san da haka, shi ya sa da ta mayar da fetur mai kashi 10 cikin 100 na etanol ya zama na kowa a watan Satumba 2021, ta gargaɗi masu tsofaffin motoci, ta kuma bar musu mai kashi 5 a gidajen mai. Darasin a nan shi ne, kayan gyaran da suka shekara ashirin a kanta, ko da na asali ne cikin kwalinsu, ba lallai su jure man yau ba. Allura mai kan Viton da tiyo mai lambar J30 R9 an yi su ne don irin wannan mai. Tiyon ruwa ko na iska da ake yankowa a sa wa layin fetur, a ɗaure da waya, gobara ce aka ajiye.

Kanikawa na da tasu hujjar, kuma ba a banza take ba. Za su ce kayan da ke kasuwa yanzu, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ko ko'ina, akwai nagari akwai jabu, kuma mai mota da kansa ke cewa a sa masa mai araha. Za su ce in aka ce a sauke tanki a wanke, sai a zargi bakanike da neman ƙarin kuɗi. Gaskiya ne, wani lokaci sabuwar allurar da ke cikin kwalin kayan gyara ba ta kai tsohuwar da aka cire kyau ba. Amma wannan dalili ne na a gwada kowane abu kafin a ɗaura, ba na a sallami mota tana ɗiga ba. Kifa murfin kafireta a busa ta bakin shigar mai da ɗan famfon hannu, a ga ko allura ta riƙe, bai kai minti biyu ba. Mai mota kuma da ke cinikin tiyo har ya zaɓi na banza, ya sani shi da iyalinsa ne za su zauna a ciki.

Akwai masu cewa a bar wahala, zamanin kafireta ya wuce, a kai motocin wurin 'yan gwangwan. Wannan maganar wanda ke da kuɗin canza mota ce. Ga direban da 504 ɗinsa ce gonarsa, a farashin motoci na yau, babu wannan zaɓi. Kuma motar da ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, ba ƙarfinta ne ya ƙare ba. Abin da ke ƙarewa shi ne masu sanin ta. Tsofaffin kanikawan da suka koyi aiki lokacin da masana'antar Kaduna ke ganiyarta, waɗanda ke saita sulo da kunne suna kuma sanin awon fulot da ka, suna ta raguwa. Yaran da ke tasowa hankalinsu na kan na'urar gwajin kwamfuta, kuma ba laifinsu ba ne, can kasuwa ta karkata. Sai dai an bar kafireta a hannun wanda iyakar saninsa ya wanke ta da fetur, ya zura waya a jet ya faɗaɗa ramin, ya busa da baki.

A nan ne ƙungiyar kanikawa ta NATA ke da rawar takawa, domin tana da rassa a garuruwa kuma ana jin maganar shugabanninta a gareji. Ba sai an jira doka daga Abuja ba. Reshe zai iya ɗora wa mambobinsa ƙa'ida cewa ba a miƙa motar da aka taɓa layin manta sai an auna matsin famfo, an bar inji ya yi zafi sosai, an kashe shi, an jira kwata ɗaya, sannan an sake dubawa a gaban mai ita. Zai iya tattara tsofaffin hannu su koya wa matasa, a rubuta awon kafiretocin da suka fi yawa a yankin, Solex da Zenith na Fijo, Aisan na Toyota, Pierburg na Golf, a liƙa a bango. Jami'an VIO da na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da ke tambayar tukunyar kashe gobara a shingen hanya, su riƙa duba ko tana da ciki kuma wa'adinta bai wuce ba, su kuma ɗauki warin fetur a motar haya da muhimmancin da suke ba taya mai sanƙo.

Mai mota shi ma yana da nasa kason. Ya shinshina sandar awon baƙin mai lokaci-lokaci, in ya ji fetur ya canza man bayan an gyara matsalar. Ya matsa tiyo da yatsa, in ya ga tsaga ko ya ji ya bushe ya canza shi, a ɗaure da kilif na gaske. Ya cire kan batir kafin a taɓa layin mai, kada kuma a yi aikin a rufaffen wuri ko kusa da mai shayi da mai walda. In tsautsayi ya sa wuta ta kama, ya kashe inji, ya fitar da mutane, kada ya wangale bonet iska ta ƙara mata ƙarfi, kada kuma ya watsa ruwa. Ta ɗan tsagin bonet ake fesa hodar kashe gobara, in babu a yi da yashi, kuma tukunyar ta kasance kusa da kujerar direba, ba a ƙarƙashin buhunan da ke cikin but ba.